Rawanin Soro

A cikin dokokin da aka ba Isra'ilawa ta hannun Musa akwai wata 'yar gajeruwa wadda mai karatu zai iya wucewa bai lura da ita ba. Tana cikin Maimaitawar Shari'a, sura 22, aya 8, maganar gini kuma take yi. An umarci duk wanda ya gina sabon gida ya kewaye bisan soronsa da 'yar katanga, irin wadda maginanmu suke kira rawani, domin kada wani ya faɗo ya mutu, alhakin jininsa ya hau kan gidan. A ƙasarsu bisan soro wurin zama ne. A can ake shanya, a can ake shan iska da maraice, a can baƙo yakan kwana lokacin zafi. Maigida ya san bakin soronsa ko da tsakar dare ne. Baƙo da yaro da mai aikin gida ba su san shi haka ba, saboda su ne aka kafa dokar.

Abin lura shi ne, dokar ba ta jira sai wani ya faɗo ba. Maigidan bai ture kowa ba, bai ƙulla wa kowa sharri ba, watakila ma shi mai karɓar baƙi ne hannu bibbiyu. Duk da haka idan ya bar bakin soro a buɗe har aka faɗo, ba za a karɓi uzurinsa na cewa tsautsayi ne ba. Ya san akwai tsawo, ya san ƙafa takan zame, yana da laka da hannun da zai ɗaga katangar, bai ɗaga ba.

Faɗuwa daga soro abu ne da ido yake gani nan take. Amma 'yan'uwa, akwai faɗuwar da takan ɗauki shekara 30 kafin mutum ya kai ƙasa. Saurayi ya kama aiki, ya yi ta shaƙar wata ƙura ko wani hayaƙi, ya karɓi albashinsa cif kowane wata, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, sa'an nan bayan ya daɗe da barin aikin ciwon daji ya bayyana a huhunsa. Wanda ya ɗauke shi aiki watakila ya rasu, ko kuwa ya sayar da masana'antar tuntuni. To, jinin wannan mutum yana wuyan wa? Me ya sa kuma ake bukatar dokar hukuma a kan haka, tun da an riga an umarce mu mu ƙaunaci maƙwabcinmu? Domin mu amsa, bari mu dubi yadda abin ya gudana a ƙasar da aka fara gane shi, watau Ingila.

Yaran bututun hayaƙi

A ƙarni na 18 mutanen Ingila da kwal suke ɗumama gidajensu. Kowane murhu yana da bututu a cikin bango mai fitar da hayaƙi ta saman rufi, idan kuwa kunkunniya ta taru a ciki sai ta toshe shi ko ta kama wuta. Bututun suna da ƙunci ƙwarai, babban mutum ba ya shiga. Don haka masu sana'ar sharewa suka riƙa ɗaukar ƙananan yara, galibinsu marayu da 'ya'yan matalauta, suna tura su ciki su hau da gwiwoyi suna kankarewa. Yaran sukan kwana a kan buhunan kunkunniyar da suka tara, wanka kuwa sai a daɗe ba su yi ba.

A shekara ta 1775 wani likitan fiɗa mai suna Percivall Pott, na asibitin St Bartholomew a birnin Landan, ya rubuta cewa wani mugun gyambo da yake kama fatar marainan masu wannan sana'a ciwon daji ne, kuma kunkunniyar da take maƙalewa a fatarsu ce take jawo shi. Ciwon ba ya fitowa lokacin da suke yara, sai bayan sun girma. Ana lissafta wannan rubutu cikin na farko da suka danganta ciwon daji da sana'ar mutum.

Majalisar dokoki ta kafa doka a 1788. Ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 8 ba, ta ce a wanke yaran aƙalla sau ɗaya a mako, a kuma bar su su je sujada ran Lahadi. Sai dai ba ta naɗa kowa ya bi ya ga ana kiyayewa ba. A 1803 George Smart ya ƙera wata tsintsiya mai sanduna da ake harhaɗawa, wadda take share bututu ba tare da yaro ya shiga ba, amma masu sana'ar da masu gidaje da yawa suka ƙi ta, gama yaro ya fi araha. Aka sake doka a 1834, aka sake a 1840 wadda ta hana duk wanda bai kai shekara 21 ba hawan bututu, aka ƙara wata a 1864. Yara suka ci gaba da hawa.

A watan Fabrairu na 1875 wani yaro, George Brewster, wanda bai kai shekara 13 ba, ya maƙale a cikin bututun wani asibiti a Fulbourn, kusa da Kambirij. Aka fasa bango aka fito da shi, ya mutu jim kaɗan saboda kunkunniyar da ta cika masa hanyar numfashi. Aka ɗaure maigidansa wata 6. Lord Shaftesbury, wani dattijon majalisa mai tsoron Allah wanda ya yi shekaru yana fama a kan wannan batu, ya kai maganar yaron gaban majalisa. A wannan shekara aka kafa dokar da ta wajabta wa masu sana'ar karɓar lasin daga 'yan sanda, ta kuma ɗora wa 'yan sanda aikin tsare dokar. Daga nan ne abin ya ƙare.

Shekara 100 cif tsakanin rubutun Pott da dokar da ta yi aiki. Mu lura kuma da abin da ya motsa majalisar a ƙarshe. Yaro ɗaya da ya mutu a gaban idon mutane cikin sa'a guda ya yi abin da tarin mazaje masu mutuwa a hankali cikin ɗakunansu ba su yi ba. Haka zuciyar ɗan adam take. Jinin da ya zuba a ƙasa yakan tada mu tsaye, ciwon da yake ci a ɓoye kuwa mukan kira shi rabo. Mutanen da suka rubuta cewa a kai yaro sujada ran Lahadi, su ne suka yarda a tura shi cikin bututu ran Litinin, ba su kuwa ga saɓani a ciki ba.

Sa mai tunkuyi

Littafin Fitowa, sura 21, aya 28 zuwa 30, ya bambanta hali biyu. Idan sa ya tunkuyi mutum har lahira ba zato ba tsammani, za a kashe san, mai shi kuwa ba shi da laifi. Amma idan an san sa ne mai tunkuyi, an faɗakar da mai shi, shi kuwa bai tsare shi ba, to, ran mamacin yana wuyansa. San bai canja ba, ƙahon bai canja ba. Abin da ya raba hali na farko da na biyu shi ne sani.

Da wannan ma'auni ya kamata a karanta tarihin asbestos. Wani ma'adini ne mai zare-zare da ba ya cin wuta, aka yi ta amfani da shi wajen yin kwanon rufi, da silin, da bututun ruwa, da birkin mota, da naɗe tukwanen jiragen ruwa. Idan aka yanka shi ko aka farfasa, yakan tashi da wata ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani. Zaren yakan shiga huhu ya zauna, jiki ba ya iya narkar da shi.

A 1898 wata mai duba masana'antu a Ingila, Lucy Deane, ta rubuta a rahotonta cewa ƙurar tana cutar da ma'aikata. A 1924 wata mai kaɗa zaren asbestos a garin Rochdale, Nellie Kershaw, ta mutu tana da shekara 33 huhunta ya ƙandare. Masana'antar ta ƙi biyan diyya, aka binne ta a kabarin da ba shi da alama. Rahoton Merewether da Price na 1930 ya tabbatar da cutar, aka kafa ƙa'idodi a 1931, amma masana'antun da suke sarrafa ma'adinin kaɗai suka shafa, aka bar ɗimbin masu aiki da kayan a wuraren gini da tashoshin jiragen ruwa. A 1955 Richard Doll ya nuna asbestos yana jawo ciwon dajin huhu. A 1960 likita Wagner da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu suka nuna yana jawo wani ciwon daji na tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda ake kira mesoteliyoma, har ga mutanen da ba su taɓa aiki a mahaƙa ba, zama kusa da ita kawai suka yi. Daga baya aka ga matan da suke wanke wa mazajensu kayan aiki su ma suna kamuwa. Birtaniya ba ta haramta shuɗi da ruwan ƙasa na asbestos ba sai 1985, fari kuwa sai 1999. Afirka ta Kudu ta haramta shi a 2008. Da yake ciwon yakan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ya fito, har yanzu mutane fiye da 2,000 suna mutuwa da mesoteliyoma kowace shekara a Birtaniya, saboda ƙurar da suka shaƙa tun suna samari.

A kowane mataki na wannan tarihi akwai masu cewa ba a tabbatar ba tukuna, a dakata sai bincike ya kammala. Maganar tana da kamannin hikima, gama ba daidai ba ne a ɗora wa mutum laifi bisa zato. Amma dokar sa ba ta ce sai mai shi ya fahimci dalilin da ya sa san yake tunkuyi ba, ta ce idan an faɗa masa yana tunkuyi. Sai a 1915 ne masana biyu a Japan, Yamagiwa da Ichikawa, suka nuna kwalta tana haifar da ciwon daji a fatar kunnen zomo, sai a 1933 kuma aka ware sinadarin da yake cikin kwaltar kwal mai yin wannan ɓarna. Da an jira wannan kafin a raba yara da kunkunniya, da an jira shekara 158. Alhali tun 1892 likita Henry Butlin ya lura cewa masu share bututu a wasu ƙasashen Turai, waɗanda suke sa tufafi masu rufe jiki suna kuma wanka a kai a kai, ba su cika kamuwa da ciwon kamar na Ingila ba. Ruwa da riga sun isa su ceci rayuka tun kafin a san sunan dafin.

Ai da yardarsa ya zo

Ga hujja ta biyu da akan kawo. Ba wanda ya tilasta wa ma'aikaci. Shi ya zo neman aiki, aka yi ciniki, aka biya shi. Baligi ne, in ya ga aikin bai yi masa ba ƙofa a buɗe take.

Yarda tana da daraja, ba kuwa za mu mai da ma'aikaci kamar yaron da bai san ciwon kansa ba. Amma yarda ta gaskiya tana bukatar abu biyu, sanin abin da aka yarda da shi, da ikon cewa a'a. Mai hawan dogon gini ya ga tsawon da idonsa, ya auna, ya hau. Mai yankan silin na asbestos bai ga kome ba. Ƙurar ba ta da wari, ba ta sa shi tari a ranar, ya koma gida lafiya ƙalau ya ci tuwo. Abin da ya sayar a ganinsa ƙarfinsa ne na yini ɗaya. Abin da aka karɓa a gare shi ya haɗa da shekarun tsufansa, ba a kuwa ambaci wannan a cikin cinikin ba. Littafin Firistoci, sura 19, aya 14, ya hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, ya kuma ɗaura hanin a kan tsoron Allah. Dalilin a fili yake. Kurma ba zai ji ba, makaho ba zai gane wanda ya yi masa ba, ba mai kama ka sai Allah. A gaban ƙurar da ba a gani, kowane ma'aikaci makaho ne, wanda ya san abin da yake cikin buhu shi ne mai ido.

Game da ikon cewa a'a kuwa, mutumin da 'ya'yansa suka kwana da yunwa, wanda ya san akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa, a'arsa ba ta da nauyi. Yunwar yau takan rufe ciwon da zai zo bayan shekara 30. Maimaitawar Shari'a 24 ta san wannan rauni na ɗan ƙodago, shi ya sa ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi, gama matalauci ne, a kan ladan nan ya sa zuciyarsa. Wanda aka hana shi riƙe ladan matalauci na dare ɗaya, ba za a ce an yardar masa ya ci lafiyarsa ba.

Akwai kuma masu cewa rai da ajali a hannun Allah suke, wanda zai kamu zai kamu. Gaskiya ne kwanakinmu a hannunsa suke. Amma Allahn da yake riƙe da kwanakin mutum shi ne ya ce a gina rawani, shi ne ya ce a ɗaure sa. Bai bar wa mai soro hanyar fakewa da ikonsa ba. Wanda ya ambaci nufin Allah domin ya ta'azantar da mai makoki ya yi daidai. Wanda ya ambace shi domin ya kauce wa sayen injin zuƙe ƙura ya ɗauki sunan Ubangiji a banza.

Me ya sa sai da doka

Mai yiwuwa wani ya ce, to, a yi wa masu masana'antu wa'azi, zuciya in ta gyaru aiki zai gyaru. Lalle zuciya ita ce tushe. Amma akwai abubuwa uku da kyakkyawar zuciya ita kaɗai ba ta iya yi.

Na farko, ba ta iya tsare mai kirki daga gasar marar kirki. Idan masu yin bulo biyu suna kasuwa ɗaya, ɗaya ya kashe kuɗi ya kare ma'aikatansa, ɗaya bai kashe ba, kayan na biyun za su fi araha, mu masu saye kuma wurinsa za mu tafi. Haka aka yi da tsintsiyar George Smart. Doka tana sa ƙasan ciniki ya zama ɗaya ga kowa, domin kada mai tsoron Allah ya zama shi ne kasuwa take hukuntawa.

Na biyu, zuciya ba ta iya sanin abin da ba ta gani ba. Maigida ɗaya mai ma'aikata 20 ba zai taɓa gane cewa ƙurar shagonsa tana kisa ba, gama masu ciwon sun watse, kowa ya mutu a garinsu da sunan wata cuta. Sai an tara lissafin dubban mutane na shekaru da yawa abin yake bayyana. Wannan shi ne aikin cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka kafa a 1965 a birnin Liyon na Faransa. Ita ce ta sa asbestos, da benzin da yake cikin man fetur, da ƙurar katako, da ƙurar dutse mai silika, cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan adam. Ta ƙara hayaƙin injin dizal a 2012, da hayaƙin walda a 2017.

Na uku, zuciya takan mutu tare da mai ita, ciwon kuwa yana zuwa bayan haka. Ana bukatar abin da zai fi maigida tsawon rai. Yarjejeniya ta 139 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1974 musamman a kan ciwon daji na wurin aiki, ta bi wannan hanya. Ta bukaci ƙasar da ta amince da ita ta riƙa tantance abubuwan da za a haramta ko a sa wa ido, a maye gurbin mai cutarwa da wanda ba ya cutarwa in akwai, a rage yawan ma'aikatan da suke cuɗanya da shi da tsawon lokacin da suke yi, a sanar da su haɗarin, a ajiye rubutaccen tarihi, a kuma duba lafiyarsu lokacin da suke aiki da bayan sun bari. Wannan kalma ta ƙarshe, bayan sun bari, ita ce amsar tambayar da muka fara da ita. Alhaki ba ya ƙarewa ranar da aka biya albashin ƙarshe.

Mu lura da jerin matakan. Kawar da abin shi ne na fari, sa'an nan killace shi, da jiƙa ƙura da ruwa, da zuƙe ta daga inda take tashi. Takunkumin fuska shi ne na ƙarshe. Maigidan da ya miƙa wa yaronsa ƙyalle ya ɗaura a hanci, ya ce ya sauke nauyi, yana kama da mai soron da ya ƙi gina rawani, ya ce wa baƙo ya taka a hankali.

Ba za mu ɓoye cewa kariya tana cin kuɗi ba, a ƙasar da aiki yake da wuyar samu kuma tsoron rufe masana'anta ba wasa ba ne. Doka mai hikima takan ba da lokaci, ta fara da abin da ya fi haɗari. Amma kuɗin nan ba ya ɓacewa don an ƙi kashe shi. Wani ne zai biya, a gadon asibiti, da gonar da za a sayar, da yaran da za a cire daga makaranta. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan al'amari an juya karin maganar, wani ya ja ruwan, wani dabam yake jiƙewa. Aikin doka shi ne ta mai da kuɗin wurin wanda ya ci ribar.

Namu soron

A Nijeriya akwai Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta wajabta samar da iska a wurin aiki, da kawar da ƙura da hayaƙi masu cutarwa, da ba ma'aikata kayan kariya. Akwai kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta sa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a wani asusu, ta kuma haɗa da cututtukan da aiki yake jawowa. Ya kamata kowane ma'aikaci a cikin ikilisiya ya san da su, ya kuma san neman hakkinsa a ƙarƙashinsu ba rashin haƙuri ba ne. Tarihin 1788 ya koya mana cewa doka marar mai tsaro takarda ce kawai. Saboda haka ɗan'uwan da yake aikin duba masana'antu, ko aikin lafiya, ko shugabancin ƙungiyar ma'aikata, hidima ce mai tsarki a hannunsa. In ya karɓi na goro ya sa hannu a kan abin da bai duba ba, ya rushe rawanin da wasu suka gina.

Sai dai yawancin mutanenmu ba a manyan masana'antu suke aiki ba, mai dubawa kuwa ba ya zuwa inda suke. Suna garejin bakanike inda yaran shago suke wanke hannu da fetur, suna yini da baƙin mai a jiki. Suna wurin fasa dutse, har da mata masu goyo. Suna shagon kafinta da na mai walda. A waɗannan wurare maigida shi ne majalisa, shi ne mai dubawa. Yaron da iyayensa suka kawo maka koyon sana'a amana ne. Sabulu da ruwa maimakon fetur, jiƙa dutse kafin a yanka, yin walda inda iska take ratsawa, raba kayan aiki da kayan gida, duk ba su fi ƙarfin mai ƙaramin jari ba. Kai ma ma'aikaci, jikinka ba naka kaɗai ba ne. Kada ka mai da kayan kariya abin dariya don a ce kai jarumi ne, ka kuma sani shan taba yana ninka haɗarin ciwon dajin huhu ga wanda ya shaƙi asbestos.

Ikilisiya ma tana ɗaukar ma'aikata. Tsofaffin majami'u da makarantu da gidajen fastoci da dama an rufe su da kwano ko silin na asbestos. Muddin yana nan lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar gyara ce ranar haɗari, sa'ad da aka tara matasa aikin gayya, suka hau suna farfasawa da guduma, mata suka bi da tsintsiya suna sharar busasshiyar ƙura, yara suka kwashi gutsattsarin suna wasa. Kwamitin gini da ya karanta wannan ya riga ya ji labarin san. A nemi wanda ya san aikin, a jiƙa, a sauke ɗaya ɗaya ba tare da fasawa ba, a nisantar da jama'a, ko da hakan zai jinkirta bikin buɗewa.

A ƙarshe akwai rabonmu mu masu saye. A 2 Sama'ila 23 an ba da labarin yadda Dawuda ya yi marmarin ruwan rijiyar Baitalami, jarumawansa uku suka ratsa sansanin Filistiyawa suka ɗebo masa. Da ruwan ya iso hannunsa ya ƙi sha, ya zuba shi hadaya ga Ubangiji, gama ya ɗauke shi a matsayin jinin mutanen da suka sai da ransu. Dawuda bai aike su ba, da yardarsu suka tafi, sun kuma dawo lafiya. Duk da haka ya ga abin da yake cikin ƙoƙon. Mu ma sa'ad da muke taya tsakuwa ko ƙofar ƙarfe har mai sana'a ya rasa abin sayen takunkumi, ya kamata mu tambayi kanmu me aka rage har farashin ya sauko haka.

Ya Ubangiji, kai da kake ganin abin da yake ɓoye, ka ba masu mulkinmu zuciyar kafa dokoki na adalci da ƙarfin halin tsare su. Ka ba masu ɗaukar ma'aikata tsoronka a inda ba mai ganinsu. Ka ta'azantar da waɗanda suke jinya saboda aikin da suka ci abinci da shi, da iyalansu. Ka nuna wa kowannenmu bakin soronsa da ya bari a buɗe, ka kuma ba mu himmar ɗaga katangar tun kafin wani ya hau. Amin.